'Yan sanda da rumbun bayanan masu laifi: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga wata tattaunawa da aka yi kan rumbun bayanan masu laifi da dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a kafa a hannun 'yan sandan Najeriya.

1. An yarda kada jami'i ya buɗe fayil sai da lambar ƙara. Binciko saurayin ƙanwa ko abokin rigimar fili cin amana ne.
2. Kowa da lambar sirrinsa, kwamfuta kuma ta riƙa ajiye sunan wanda ya duba.
3. A daina tura hoton fayil ta WhatsApp.
4. An rabu kan wanda kotu ta wanke: wasu sun ce a goge sunansa, wasu sun ce a bari tare da hukuncin. Ni ina bayan gogewa, domin tabon yana hana mutum samun aiki.