Wai "na gode" sayenta ake yi?

Baba Dattijo: Assalamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. Muna zaune muna jiran layi, wani saurayi ya zare wayata daga caji ya jona tasa, ko sallama babu. Da na yi magana sai cewa ya yi, "Ai na ga taka ta kusa cika." Na ƙyale shi ya gama, ya tashi ya tafi, ko na gode bai ce ba. Yaran yanzu ba su da tarbiyya, gani suke komai haƙƙinsu ne.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarku Baba, amma "ba su da tarbiyya" ta yi nauyi. Duk wanda aka ce wa haka, uwarsa aka zaga. Mu da muke kwana muna tashi a kan yaran nan mun san abin da muke sha.

Malamin Aji: Hajiya, tarbiyya daga gida take farawa. Yaro ya zo mana bai iya gaisuwa ba, ka tsawata masa, gobe uwar ta zo har ofis tana kumfar baki.

Maman Biyu: To uban fa, Malam? Shi ba a gidan yake ba? Ya fita da asuba ya dawo yara sun yi barci, amma laifi kullum na uwa.

Ɗan Auta: Ni "yaran yanzu" ce ta dame ni. Mutum ɗaya ya yi laifi an haɗa mu duka. Manya nawa ne ke tsallake layi don suna da furfura? Ka gaishe su suna danna waya, kai kawai za su gyaɗa maka.

Malamin Aji: Ka ji ko! Da babba kake magana haka?

Ɗan Auta: Malam, kwanan baya na yi muku sallama a nan, kun karanta ba ku amsa ba. Amsa sallama kuwa wajibi ce, aya ta 86 a Suratun Nisa'i.

Malamin Aji: Ina cikin aji lokacin. Kuma ba kai za ka koya mini karatu ba.

Uwar Marayu: Baba, da kun bar wa Allah. A Suratul Insan aya ta 9, masu ciyarwa cewa suke ba sa neman sakamako ko godiya. Faɗin abin a nan ya kusa zama gori.

Baba Dattijo: Gori kuma? Ni ba kyauta na ba shi ba, ƙwace ya yi! Kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Maman Biyu: Ni dai a janye kalmar nan ta "ba su da tarbiyya".

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda matasa sun lalace kuma gyaran yana hannun iyaye mata. Malam ya faɗi gaskiya, mu da muka yi koyarwa mun san haka. Ɗan Auta, ka ba Malam haƙuri. An rufe wannan magana.

Maman Biyu: Wane ne "kusan kowa"? Ranka ya daɗe, ku koma sama ku ƙirga.