Tankin ruwan sola na unguwa: nawa ake zuba kulorin, kuma ta yaya za a san ya isa?

Sakataren Kwamitin Ruwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Unguwarmu na da rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da tankunan roba biyu a sama, kowanne lita 10,000, da wuraren ɗiba huɗu. Mafi nisa a cikinsu ya kai kamar mita 400 daga tanki. Kwamiti ne ke kula da ita, mata da 'yan ga-ruwa suna saye a jarka. Tunda damina ta zauna, ruwan famfon ƙarshe yakan fito da ɗan duhu da safe, kuma ana ta ƙorafin gudawa a wajen yara. An kawo mana garin kulorin, wanda aka rubuta HTH 70% a jikin bokitinsa, amma babu wanda ya yi mana bayani. Wasu sun ce a juye gwangwanin madara guda a kowane tanki, wasu sun ce cokali ɗaya ya isa. Wanne ne daidai? Kuma kullum ake zubawa ko sau ɗaya a wata?

Injiniya Kabiru:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Maganar gwangwanin madara a bar ta tun yanzu. Ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau goma, ruwan ba zai shawu ba, mutane su gudu su koma rijiya da kududdufi, ka ga an yi ba a yi ba. Mai cewa cokali ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma cinke ya yi. Ba girman tanki kaɗai ke yanke yawan kulorin ba. Kowane ruwa yana da abin da yake cinyewa kafin a sami ragowa, kuma wannan ragowar ita ce ke tsare ruwan a cikin bututu da jarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan minti 30 da zubawa a sami aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita, sannan a bakin famfo kada ya gaza 0.2.

Da farko ku sayi ɗan akwatin awo irin na masu wurin ninƙaya, tare da ƙwayar DPD 1. Ana cika shi da ruwa, a jefa ƙwaya ɗaya, ruwan ya yi launin hoda, a gwada da launukan da ke jikin akwatin. In babu wannan akwatin, duk abin da zan faɗa a ƙasa lalube ne cikin duhu.

Ba a watsa garin kai tsaye a tanki, domin yakan kwanta a ƙasa ya dunƙule. Ana fara haɗa uwar ruwa mai ƙarfin kashi 1 cikin 100: giram 15 na HTH a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Giram 15 kusan babban cokali ɗaya ne a shafe, amma ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya ya fi. Garin ake zubawa a cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan gari. A yi amfani da roba, ban da kwanon ƙarfe, domin yana cin ƙarfe. A dama, a bari farin dusar ya kwanta, a tsiyaye na sama a jarka mai duhu mai murfi. Ku riƙa haɗa na mako guda kawai, saboda zafi da rana suna rage masa ƙarfi.

Sai gwajin bokiti. A jera bokiti huɗu, kowanne da lita 20 na ruwan rijiyar taku. Da sirinji a sa wa na farko mililita 1 na uwar ruwan, na biyu 1.5, na uku 2, na huɗu 2.5. A motsa, a rufe, a jira minti 30, a auna kowanne. Bokitin farko da ya nuna 0.5 shi ne ma'auninku. Misali, a ce na uku ne. Tankin lita 10,000 bokiti 500 ke nan, 500 sau 2 ya ba da mililita 1,000, wato lita ɗaya ta uwar ruwa ga kowane ciko. A wannan lissafin, in kuna cika tankuna biyu sau ɗaya a rana, kilo ɗaya na gari zai kai ku wata guda da 'yan kwanaki.

Game da tambayarka ta biyu: duk lokacin da aka cika tanki sai an zuba. Kulorin ba ya zama, kuma sabon ruwa ba ya gadon na jiya. A nan ne tankunanku biyu za su yi muku rana. Yawancin masu haɗawa sukan haɗe su da bututu ɗaya a ƙasa su zama kamar tanki guda, ruwa na shiga ana ɗiba, babu lokacin da maganin zai yi aikinsa. Ku sa wa kowane tanki bawul nasa na shiga da na fita. Ana ɗiba a ɗaya, ɗayan na cika. A zuba uwar ruwan tun tankin na rabi domin ruwan da ke zubowa ya gauraya shi, in ya cika a ba shi minti 30, sannan a buɗe.

Awon da za ku fi dogara da shi shi ne na famfon nan mai nisan mita 400, da safe da yamma, a rubuta a littafi. In a gindin tanki akwai 0.5 amma a can babu komai, wani abu na cinye shi a hanya.

Bokitin garin kuma a ajiye shi a rufe, a busasshen ɗaki mai iska, nesa da fetur da gas da takin zamani da ruwan batir. Yana iya tada gobara in ya haɗu da mai. Mai haɗawa ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya kare idonsa.

Mai Gyaran Burtsatse:

Injiniya ya gama magana a kan kulorin, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne duhun nan na safe, kuma a famfon ƙarshe kaɗai. Da rijiyar ce, duk famfunan huɗu za su nuna. Zargina yana kan bututu. Da dare in tanki ya ƙare ko an rufe bawul, bututun kan zama fanko, ruwan da ya rage a ciki yana gangarawa yana zuƙo iska. Duk inda akwai tsaga ko mahaɗar da gam ɗinta ya saki, abin da ke kewaye da wurin shi zai shiga. In bututun ya ratsa kwata, ruwan kwata ne. Da safe shi ake fara tara wa mutane.

Ku bi layin da ƙafa da rana tsaka lokacin da ruwa ke da ƙarfi. Inda kuka ga damshi ko ciyawa ta fi kore, ku tona. Inda ya tsallaka kwata, a ɗaga shi sama ko a zura shi cikin wani bututu mafi faɗi. Ɗaurin robar taya ba gyara ba ne, a yanke wurin a sa sabon soket. Ku kuma nemi masu jan layi a ɓoye zuwa gidajensu, domin haɗin dare ba ya taɓa yin kyau.

Duk da haka a duba bakin rijiyar. Daɓen siminti ya kasance ba tsaga, ya gangara waje, kan bututun rijiyar ya ɗara daɓen tsawo kuma a rufe ruf, har ramin da wayar sumo, wato injin jan ruwa na cikin rijiya, ta shiga a toshe. In ruwan sama na kwanciya a wurin, zai bi jikin bututun ya sauka. Masai da ramin shara da turken dabbobi su yi nisan aƙalla mita 30, kuma kada su kasance ta saman gangare.

Tankin ma a hau a leƙa. Murfi kan tashi da iskar farkon damina, daga nan sai kashin tsuntsu da ƙadangaru. Bututun ambaliya a ɗaure masa raga. In akwai laka ko gansakuka a ƙasa, duk kulorin da kuka zuba su za su cinye. A zubar da ruwan, a goge da buroshi, sannan a wanke bangon da haɗi mai ƙarfi, giram 6 na HTH a lita 20, a bar shi minti 30, a ɗauraye sosai. Kada mutum ya shiga tanki shi kaɗai ba mai tsaye a sama. Sau biyu a shekara ya wadatar, kafin damina da bayanta.

Hajiya Duba-Gari:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Sakatare, ko an gyara bututu, ruwa mai tsabta kan lalace tsakanin famfo da baki. Ku leƙa cikin jarkokin 'yan ga-ruwa, da yawa sun yi kore, ga tsumma ko leda a madadin murfi, ga guntun tiyo da ke kwana a ƙasa. Kwamiti ya sa doka: ranar wanke jarka sau ɗaya a mako a bakin famfo, da sabulu da 'yan tsakuwa a girgiza, a ɗauraye da ruwan kulorin. Wanda jarkarsa ba murfi ba a sayar masa. A gida kuma randa ta zauna a rufe, moɗa mai mariƙi a rataye, ba kowa ya tsoma kofinsa da hannunsa ba.

Batun gudawar yara kada ku tsaya jiran gyara. A ba su ruwan gishiri da sukari na ORS, a sanar da asibitin da ke kusa da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. In zawon ya zama tsararo kamar ruwan shinkafa, har da manya, to a ɗauke shi a matsayin kwalara sai an tabbatar da akasin haka. A 2021 Najeriya ta sami fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. A lokacin annoba ana ɗaga ragowar kulorin a famfon jama'a zuwa miligiram 1 a lita.

Abu na ƙarshe, kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire sinadarai irin su dalma ko fuloraid ko nitaret. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, nitaret 50, dalma 0.01, sannan kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100. A Tibiri ta jihar Maraɗi ruwan burtsatse ne, garau da shi, amma fuloraid ɗin da ke ciki ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gano. Ku kai samfuri ɗakin gwaji ta hannun RUWASSA, wato hukumar ruwa da tsabta a karkara ta jiharku, ko sashen ruwa da tsabta na ƙaramar hukuma, ko da sau ɗaya a shekara. Na gwajin ƙwayoyin cuta a kwalbar da suka ba ku ake ɗiba, a sa a ƙanƙara, a isar cikin sa'o'i shida.

Ma'ajin Wani Kwamiti:

Duk wannan kuɗi ne, to a sa shi a farashin jarka tun yanzu. Tanki ɗaya jarka 400 ne na lita 25. Ku ɗaura mitar ruwa a bakin fita, kowace yamma a gwada abin da mita ta nuna da kuɗin da mai jiran famfo ya kawo. Giɓin da ya fito ko yoyo ne ko aljihu. Kuɗin a raba uku: na yau da kullum kamar kulorin da ƙwayar awo da kan famfo, na albashin mai jira, da ajiyar ranar da sumo zai ƙone. Wannan na ukun a banki, da sa hannun mutum biyu, kuma ba a ranta wa kowa don biki.

Sakataren Kwamitin Ruwa:

Allah ya saka muku da alheri. An bi layin, an sami mahaɗa a buɗe daidai inda ya ratsa kwata, an canza. Gwajin bokiti ya tsaya a mililita 2. Sai dai bayan zubawa ruwan tankin yana ɗan yin ja, kuma dattawa na cewa yana wari. Mu rage ne, Injiniya?

Injiniya Kabiru:

Kada ku rage da ka, akwatin awo zai faɗa muku. Jan da kuke gani alamar sinadarin ƙarfe ne a ruwan rijiyar, ko tsatsa in bututun da ke ɗauke da sumo na ƙarfe ne. Kulorin ne ya fito da shi fili. Ba ya cutarwa a irin wannan yawan, amma yana ɓata wanki kuma yana cin maganin. Ku ƙara lokacin jira zuwa awa ɗaya ko biyu ya kwanta, bututun fita ya ɗara ƙasan tanki da kamar taƙi ɗaya, sannan ku buɗe bawul ɗin wanki na ƙasa duk mako ku zubar da abin da ya taru.

Wari kuwa, in awo a famfon kusa bai wuce 0.5 ba, ku bar shi haka. Wanda ya dame shi ya bar ruwan ya kwana a randa a rufe, zai ragu. Liman da mai unguwa su sanar cewa magani aka sa da gangan, domin in mutane suka ji wari ba bayani, jita-jita ce za ta biyo baya. In kuma ya haura 1 alhali ba annoba ake ciki ba, ku sauko zuwa mililita 750 a kowane ciko, ku auna famfon ƙarshe kwana uku a jere. Muddin yana ba da 0.2 ko sama, ku tsaya a nan. Ku maimaita gwajin bokitin idan rani ya shiga, da kuma duk lokacin da kuka buɗe sabon bokitin gari, domin tsoho da sabo ba ƙarfinsu ɗaya ba.