Wa'azina na farko a kan Luka 15, ina tsoron a ce habaici nake yi

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ɗan ƙungiyar matasa ne a wata ikilisiya a Sabon Tasha. Lahadi mai zuwa ne rufe makon matasa, Fasto ya ce ni zan yi wa'azi a sujadar Hausa. Ya ba ni Luka 15:11-32, misalin ɓataccen ɗa, wato ƙaramin ɗan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya ɓatar, har yunwa ta sa shi kiwon aladu, sannan ya dawo uban ya yi masa biki, minti 25. Ban taɓa yi ba, iyakata karanta nassi da ɗaga waƙa.

Ga inda gizo ke saƙa. Ɗan wani dattijonmu ya sayar da filin ubansa ya tafi Legas, sai watan jiya ya dawo hannu rabbana bayan shekara 6. Yanzu a bencin baya yake zama, kowa kuma ya san labarin. Ina buɗe baki na ce wani mutum yana da 'ya'ya biyu, na san kawuna za su juya baya. In roƙi Fasto ya canja mini nassi ne?

Mama, Zumuntar Mata, Narayi:
Ɗana, kada ka canja. Amma kafin Lahadi je ka gaishe da yaron nan, ka faɗa masa nassin da aka ba ka, ka ce ba kai ka zaɓa ba. Kada ya ji shi kwatsam a gaban jama'a.

Wani matashi, Gonin Gora:
Ni dai a canja. A surar akwai tunkiyar da ta ɓata cikin 100, akwai tsabar azurfa ɗaya cikin 10. Ɗauki ɗaya ka huta da tsegumi.

Dattijo, Kakuri:
Yaro, koma aya ta 1 da ta 2 tukuna. Su wa Yesu yake ba amsa? Farisiyawa da malaman Attaura ne, masu gunaguni don yana cin abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi. Su ne babban ɗan. Mu masu wa'azi mun saba mu ƙare duk ƙarfinmu a wurin aladu da yunwa, mu tsaya a aya ta 24 inda aka fara biki, alhali saura aya 8.

Duba su da kyau. Babban ya dawo daga gona, ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Ko "ƙanena" bai ce ba, "ɗan nan naka" ya ce wa uban. Ya kuma lissafa shekarun bautarsa da ɗan akuyar da ba a taɓa yanka masa ba. Ba a kuwa cuce shi ba, domin bisa Kubawar Shari'a 21:17 ɗan fari rabo biyu yake samu. Uban da ya sheƙa a guje ya tari ƙaramin, shi ne ya sake fitowa waje yana lallashin babban. Ko ya shiga? Luka bai faɗa ba.

In ka tsaya a kan babban ɗan nan, ba wanda zai sami sukunin waiwaya bencin baya. Mu na bencin gaba ne za mu sunkuyar da kai. Na fi shekara 30 a ikilisiya, har yau wurin nan yana sosa ni.

Malamar makarantar Lahadi, Barnawa:
Ƙari a kan na Baba: kada ka kawo misalin fili, ko Legas, ko sayar da gado. Karanta nassin a hankali, kada idonka ya tsaya a gefe ɗaya. Ka gwada a gida da agogo, sabon mai wa'azi ko ya gama a minti 8 ko ya zarce awa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya sa albarka. Baba, kun buɗe mini ido, ban taɓa lura misalin bai faɗi ƙarshen babban ba. Mama, zan je wurinsa ranar Alhamis bayan koyon waƙa. Amma in ya ce shi ba zai zo sujadar ba fa, me zan ce masa?