Bindigar farauta mai baki biyu: na kasa gano maƙerinta

Jama'a, don Allah masana bindigar farauta ku taimaka. Na gaji wata tsohuwar bindiga mai baki biyu daga kakana, babu sunan maƙeri ko kaɗan a jikinta. Da na cire bututun, sai na ga hatimi a ƙarƙashi: ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, da kambi a sama. Na san wannan hatimin gwaji ne, wato shaidar an gwada ƙarfin bindiga, na birnin Liyej a Beljiyam, kuma mai kambin daga 1893 ya fara. To daga nan kuma na tsaya cak.

Abin da ya fi damuna bututun. Yana da zane kamar an murɗa igiya, irin ƙarfen Damaskas. Na auna ɗakin harsashi, milimita 65 ne, harsashin yanzu kuwa galibi 70. Ban harba ba, ba kuma zan yi ba sai maƙeri ya duba.

Sannan in na rufe ta na girgiza, sai na ji tana ɗan motsi wajen mahaɗa, ƙota ma ta tsage kusa da kunama.

Ta yaya zan gano maƙerinta? Gyaran ƙotar zai rage darajar bindigar, ko in bar ta yadda take?