Lissafin bashin shagona ya lalace, Google Drive ma ya kwafi lalataccen

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina sayar da siminti da kwanon rufi a nan Tawa, kuma duk wanda ya ɗauki kaya bashi a Excel nake rubuta shi, sunansa da adadin buhu da jika nawa suka saura. Ƙanena ya sa mini Google Drive, mai ajiye kwafin fayil a intanet, a kwamfutar, ya ce 15 GB ɗin da suke bayarwa kyauta ya ishe ni, na saki jiki.

Lokacin zafi wuta ta ɗauke ina tsakiyar aiki. Ashe fayil ɗin bashin bara ya lalace tun ranar, ban lura ba sai bayan wata biyu, da wani magini ya zo biya na buɗe na ga wasu alamomi barkatai. Na duba Drive, shi ma lalataccen ya ɗauka ya ɗora kan mai kyau. Tsohon kwafi kuwa kwana 30 kawai yake ajiyewa.

Akwai dabarar gyara fayil ɗin? Kuma wace manhaja ce ke ajiye kwafin kowace rana daban a filas, ba tare da intanet ba? Kuɗin data ya yi mini yawa. Allah ya saka da alheri.