Zomayena na mutuwa da zawo, doki kuma ya yi ciwon ciki, ko daga abincin ne?

Ɗan Pantami:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu kiwo ku taimaka min da shawara dan abin ya fara isata wlh. Ina Gombe, ina da zomaye a bayan gida mata 5 namiji 1, na kusa shekara da farawa. Duk sanda uwa ta haihu yaran suna tashi lafiya kalau har su fara fitowa daga akwati suna tsalle tsalle, amma da na raba su da uwar sai zawo, gindinsu duk ya ɓaci, cikin ya kumbura in ka ɗaga ɗaya ka girgiza kana jin ruwa na ƙara a ciki, kwana biyu sai dai in tarar da gawa da safe. Haihuwar baya 7 ne yanzu saura 2. Abinda nake basu dusar masara ce da nake karɓowa a wajen inji sai in gauraya da abincin kaji, da safe kuma yara su yanko musu ɗanyar ciyawa a zuba. Ruwa kam bana basu sosai saboda wanda ya sayar min yace zomo baya shan ruwa, shine ma yake sa shi zawo. Da suka fara na fasa kafson amoksisilin na zuba musu amma kamar ma ƙara musu nayi.

Na biyu kuma Bappana ne baida lafiya aka ce ni zan riƙe dokinsa har ya samu sauƙi, ni kuma inaso a fito dashi hawan sallah yayi kyau kar a ce ya lalace a hannuna, sai na ƙara masa dawa daga mudu 1 na maida 3 a rana, na rage harawa tunda tayi tsada. Ran kwana na uku da daddare kawai sai naji turke na ƙara, na fito na tarar yana ta tonon ƙasa da ƙafar gaba yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi ya kwanta, gumi sharkaf. Allah yasa mun samu likita yazo, ya tashi dai. Tambayata shin akwai haɗi guda da zan riƙa yi wanda doki da zomayen duk zasu ci? dan in huta da sayen abu kala kala. Har na fara tunanin in ɗan riƙa zuba masa abincin kajin shima.

Tsohon ɗan barga:

Wa alaikumussalam. Ɗana ka gode Allah, da yawa a irin wannan daren ake jan su a kai bayan gari. Ni a Bauchi na tashi cikin dawaki tun ina ɗebo ciyawa a ka, kuma duk shekara in sallah ta matso sai an yi wannan ta'asar, mutum ya bar doki wata da watanni a turke sai saura sati biyu yace zai ƙosar dashi da hatsi. Kiwon ranar sallah ai baya yi.

Doki ciyawa ce abincinsa, hatsi ƙari ne. Ka juya lissafin ne, ka rage abincin ka ƙara ƙarin. Ka koma mudu 1 ɗin da ya saba kuma kar ka zuba masa a tashi ɗaya, raba shi safe da yamma, in ma da hali sau uku. Kafin hatsin ka fara bashi ruwa ya sha, ka sa masa harawa ya ɗan ci, sannan dawa ta biyo baya. Mu ɓarza ta muke ko a jiƙa, amma wadda aka jiƙa ba a bari ta kwana tayi tsami. In zaka ƙara to ɗan gwangwani ɗan gwangwani, sai an kwana biyu uku ka sake ƙarawa kana kallon kashinsa. Kashin doki mai lafiya dunƙule dunƙule yake faɗowa ya ɗan fashe a ƙasa, in kaga ya zama kamar na saniya ko yana warin tsami to hatsi yayi yawa, in kuma kaga ƙwayar dawa na fitowa yadda ta shiga har kaji na bin sa suna tsince ta, to asarar kuɗinka kake, a duba haƙoransa.

Kuma ka daina zuba masa a ƙasa in kana yi, a sa a komi ko rabin duro, yana haɗawa da yashi ya taru masa a ciki. Harawa ka buɗe damin ka sansana, in tayi fumfuna ko baƙi baƙi a tsakiya kar ka bashi ko kyauta ce. Kanwa kuma kar ta yanke masa.

Maman zomaye Yalwa:

Kai ƙanina wanda yace maka zomo baya shan ruwa ya cuce ka gsky. Nima haka aka gaya min da farko. Na daji ne mutane basa ganin yana sha saboda yana samun ɗanyen ganye da raɓa, naka kuwa yana keji kana bashi busasshiyar dusa a wannan zafin na Gombe, ina zai samu? Balle mai shayarwa, ita in ta rasa ruwa nono ke ɗaukewa, wata har ta cinye ƴaƴan. Ka samu kasko mai nauyi wanda bazasu kifar ba, a wanke kullum a cika.

Sai maganar yaye, baka faɗi a sati nawa kake raba su ba. Ni bana cire su sai sun kai sati 6, in naga ƙanana ne ma in ƙara musu, kuma uwar nake ɗaukewa in bar yaran a kejin da suka saba. Tun suna sati 3 suke fara taɓa abincin uwar, to abinda suka saba ci tare da ita shi zasu ci gaba da ci bayan yaye, ba ranar da aka raba su da nono kuma ranar a canza musu abinci ba, abu biyu ya haɗe musu.

Ɗanyar ciyawar safe ɗinnan ma ina zarginta, musamman ta farkon damina mai ruwa ruwa. Ni in aka yanko da safe shanyawa nake a inuwa sai yamma ta yi laushi sannan su ci, kuma ba a tara ta a buhu tayi zafi. Ka tambayi yaran inda suke yankowa, in bakin gona ne da aka yi feshi ko bakin kwata to shikenan. Abinda baya yankewa a kejina dare da rana shine harawar gyaɗa ko ta wake, ina ɗaure ta a jikin waya ta sama dan kar su taka su yi fitsari a kai. Akan haka nake ƙara ganyen dankalin Hausa, ganyen zogale, kowar wake, ɓawon kabeji kaɗan in an samu. Dusa cikin tafin hannu ɗaya zuwa biyu wa babba ya isa, ina ɗan yayyafa ruwa dan kar garin ya shiga hancinsu, da ɗan ƙuli ƙuli da aka daka marar yaji ko waken suya. Waken suyan dole a soya shi tukun, ɗanye baya musu kyau. Abinda ya rage a kwano da yamma zubarwa nake wa kaji.

In bazara tayi zaka ga da rana basa cin komai sai kwanciya suna haki, kar ka damu, da daddare suke cin abincinsu na gaske, so ka fi cika musu da magariba.

Na Jekadafari:

Hhhh malam ka maida wa Bappa dokinsa tun kafin zumunci ya lalace. Ni zomo biyu na taɓa ajiyewa muzuru ya raba mu.

Ma'aikacin dabbobi, Kumo:

Kafin komai, abincin kajin nan dan girman Allah kar ya kusanci dokin. Ba wasa nake ba. Wasu abincin kaji ana sa musu maganin koksidiya (wata ƙwayar cutar hanji mai sa zawo) irin su monensin, kaza na ci lafiya amma doki ɗan kaɗan ya isa ya lalata masa tsokar zuciya, wanda ya tsira ma sau da yawa baya komawa daidai. Kai kuma bazaka gane ta ido ba ko akwai a buhun ko babu. Zomo ma wasu daga cikin irin waɗannan magungunan na kashe shi, kuma ko babu magani abincin kaji hatsi ne zalla kusan, ba harza a ciki. Haka abincin shanu na kiwon turke, wani ana sa masa yuriya, shima ba na doki bane.

Abin mamakin shine tambayarka ba shirme bace, dan cikin doki da na zomo kusan tsari ɗaya ne. Su biyun basa tuƙa irin na saniya da akuya. Tumbinsu ƙarami ne, na doki duk girmansa bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, ainihin aikin narkar da ciyawa a can baya ake yinsa cikin wani babban buhun hanji inda ƙwayoyin halitta ke zaune suna ruɓar da ita. In hatsi yayi yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji baya iya gamawa dashi, sai ragowar ya gangara can baya yayi tsami, ƙwayoyin kirki su mutu, iska ta taru. Kuma su biyun basa iya amai, abinda ya shiga sai dai ya fita ta baya. A doki shine abinda ka gani a daren nan, wani lokacin kuma ya sauka a kofato, kaga doki ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya, kofaton da zafi. Ka riƙa taɓa kofatansa kwanakin nan, in kaji zafi ko yana ɗingishi ka kira likitan nan take. A zomo kuma shine zawo da kumburin da ke kwashe maka yara bayan yaye, lokacin cikinsu bai gama ƙwari ba.

Kafson da ka basu ya ƙara dagula abin. Amoksisilin, ampisilin da danginsu in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin cikin nasa ne, masu guba su samu fili. Kar ka sake. Kuma zawon yara ba kullum abinci bane kaɗai, koksidiya na yi musu haka musamman in kashi na taruwa inda suke ci, ka kai kashin ko gawa ɗaya sabuwa asibitin dabbobi a duba kafin a sayi magani.

Lissafin doki a sauƙaƙe, busasshiyar ciyawa da harawa kamar kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a rana. In dokin kilo 300 ne kaga kilo 4 da rabi zuwa 6 kenan, kuma hatsi kar ya wuce kilo 1 da rabi a ci ɗaya, ƙasa da haka ma yafi. Ruwa lita 25 zuwa sama, da zafi ko bayan sukuwa yana iya ninkawa. Duk canjin abinci a ja shi kwana 7 zuwa 10, har komawa daga busasshiya zuwa ɗanyar damina. A kiyaye gyauron dawa da ƙaramar dawa da fari ya kama, akwai guba a ganyen.

Wani abu akan dusa da mutane basu cika sani ba, fosfaras ɗinta yafi kalsiyam yawa nesa ba kusa ba. Dokin da aka riƙe da dusa da hatsi wata da watanni ba harawa, jikinsa zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi, har kaga ƙashin fuska ya kumbura yana ɗingishin da ba a san dalili ba. Harawar wake da ta gyaɗa su ke cike wannan giɓin, shi yasa tsadarta bata kai tsadar rashinta ba. In kuɗi ne matsalar ka haɗa ta da busasshiyar ciyawa mai kyau rabi da rabi.

Baba, akan kanwa kam zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Ba zata maye gishiri ba, abinda doki ke zubarwa a gumi gishiri ne yafi yawa, kuma bata kashe tsutsar ciki kamar yadda ake cewa.

Tsohon ɗan barga:

Likita naji, kuma maganar abincin kaji yau na ƙaru. Amma kanwa tun kakanni ake ba dawaki ban ga wanda ta kashe ba, ɗan ƙanƙani ake jiƙawa ba wai a cika ba. A sa gishirin a sa kanwar, ba faɗa.

Ɗan Pantami:

Innalillahi, ashe ni nake kashe su da hannuna. Ngd sosai Allah ya saka. Anti a sati 4 nake raba su dan uwar ta samu ta sake ɗaukar ciki da wuri. Yanzun nan na sa musu ruwa a kasko, wlh sai da suka shanye na ƙara, kunya ta kama ni. Abincin kajin na kai shi ɗakin kaji na rufe. Amma akwai abinda na gani jiya da asuba da na haska tocila, babbar macen ta lanƙwasa kai ƙarƙashinta tana cin kashinta, shima ciwo ne ko yunwa?

Maman zomaye Yalwa:

Lafiyarta kalau barta. Kashi kala biyu suke yi, busasshen nan mai kamar ƙwallo da kake sharewa, da wani mai laushi a manne kamar ƴaƴan inabi mai sheƙi, shi wannan daga jikinsu suke karɓa su haɗiye yawanci cikin dare ko da asuba, akwai furotin da bitamin a ciki. In ka fara ganin mai laushin a zube a keji ko ya manne musu a gindi basu ci ba, to dusa tayi yawa ka rage. Sati 4 kam yayi wuri a irin abincin da kake basu, cikin nata kwana 31 ne kawai, ba inda zata gudu, ka bari ta huta. Kuma biyun da suka rage ɗinnan ka cire musu dusa gaba ɗaya na kwana uku, harawa da ruwa kawai, ka dawo ka gaya mana yadda kashin ya koma.