Shafina na kayan gwari yana da nauyi kuma ba ya fitowa a Google: hotuna ne matsalar ko rubutu?

Mai Kayan Gwari, Jos:

Assalamu alaikum. Ina sayen kabeji da karas da latas da koren tattasai a kasuwar Farin Gada da ke nan Jos, da kuma dankalin Turawa da ake kawowa daga Bokkos da Mangu, ina aika wa gidajen abinci da otal-otal a Abuja. A bara na biya wani matashi ya gina mini shafin intanet da WordPress, wato manhajar gina shafuka, domin masu sayen sari su riƙa samuna ba sai ta WhatsApp kaɗai ba. Shafin yana da kyan gani, amma abokan ciniki suna kukan cewa yana daɗewa kafin ya buɗe a waya, sannan idan na rubuta "dankalin Turawa Jos" a Google ba na ganinsa ko kusa. Hotunan ni nake ɗauka da wayata in ɗora su yadda suke, farashin kowane mako kuwa ana tsara mini shi a kan hoto, irin wanda ake turawa a WhatsApp, shi nake sakawa a shafin farko. Wani ya ce in rage nauyin hotunan, wani kuma ya ce in biya shi ya cika shafin da kalmomin bincike, ya yi alkawarin zan hau matsayi na ɗaya a sakamakon binciken Google cikin wata guda. Don Allah masana, wanne ne ya kamata in fara da shi?

Mai Gina Shafuka, Wuse:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Jinkirin da abokan cinikinki suke kuka da shi kusan babu shakka daga hotunan yake. Wayar zamani tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsawon 3000, nauyinsa yakan kai megabait 3 zuwa 5, alhali gurbin da hoton zai zauna a shafi bai cika wuce faɗin fiksel 1200 ba. Tun daga sigar 5.3 da ta fito a 2019, WordPress yana rage manyan hotuna zuwa fiksel 2560 da kansa, amma wannan ma ya fi ƙarfin mai buɗe shafi da datar waya a wurin da sabis ba shi da ƙarfi.

Kafin ki ɗora kowane hoto, ki rage faɗinsa zuwa 1200, ko 1600 idan babban hoton saman shafi ne, sannan ki matse shi. Akwai manhajar Squoosh ta Google, kyauta ce kuma a cikin burauza take aiki, tana nuna miki hoton asali da matsattsen gefe da gefe don ki ga inda ingancin ya fara lalacewa. Ki adana shi a tsarin WebP, wanda Google ta fitar a 2010 kuma ta ce yana rage nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari idan aka kwatanta da JPEG mai inganci iri ɗaya. WordPress yana karɓarsa tun sigar 5.8 ta 2021. A nawa aikin, ina ƙoƙarin kada hoton kaya ya wuce kilobait 150, kuma koren kabeji ko jan tumatir ba sa dusashewa a wannan nauyi.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi matsayinki a bincike shi ne, tun 2021 Google ta sanya ma'aunan sauri da sauƙin amfani da shafi da take kira Core Web Vitals cikin abubuwan da take dubawa. Ɗaya daga cikinsu, LCP, yana auna lokacin da abu mafi girma a fuskar shafin yake ɗauka kafin ya bayyana, kuma ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. A shafi irin naki, wannan abu mafi girma hoto ne. Wani ma'aunin, CLS, yana auna yadda rubutu yake zamewa ƙasa idan hoto ya makara, abin da yake sa mutum ya danna wurin da bai yi niyya ba, maganinsa kuwa shi ne a bayyana faɗi da tsawon kowane hoto a cikin ginin shafin. Ki saka adireshin shafinki a PageSpeed Insights, wato shafin Google na auna saurin shafuka, ki duba sakamakon waya, domin da sigar waya Google take auna shafuka a yanzu. Ki kuma tambayi wanda ya gina miki ko babban hoton sama yana cikin waɗanda aka jinkirta saukarsu. WordPress yana jinkirta sauke hotuna har sai mai karatu ya gangaro kusa da su tun sigar 5.5, dabara ce mai kyau ga hotunan ƙasa, amma idan ta shafi hoton sama tana ƙara jinkiri ne kawai.

Sai sunan hoto. Suna irin wanda waya take bayarwa, na IMG da jerin lambobi, bai gaya wa Google komai ba. Ki mayar da shi kamar buhun-dankalin-turawa-bokkos, da ƙananan haruffa da ɗan layi tsakanin kalmomi, kuma a nan kaɗai ki bar haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, saboda sukan rikiɗe zuwa lambobi marasa kan gado a cikin adireshi. Akwatin da aka rubuta wa Alt Text kuma ki cika shi da jimla guda da ta bayyana abin da ke cikin hoton, domin shi manhajar makafi take karanta musu, shi kuma Google take amfani da shi wajen gane hoton.

Tsohon Edita, Rayfield:

Hajiya, duk abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ina ganin ya amsa rabin tambayar ne. Sauri yana hana mai ziyara gudu, amma ba shi yake kawo shi ba, kuma ita kanta Google ta bayyana cewa shafin da ya fi dacewa da abin da aka nema yana iya zuwa gaba ko da ba shi ne mafi sauri ba. Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne farashin da ake zana miki a kan hoto. Duk bayanin da mai saye yake nema, wato sunan kaya da girman buhu da kuɗi da garin da kike kaiwa, kin kulle shi a cikin hoto, shafin ya zama kamar shago mai cike da kaya amma babu allo a bakin ƙofa. Ki rubuta farashin a matsayin rubutu na gaske da ranar da kika sabunta shi, hoton tallan kuma ki bar shi a WhatsApp inda yake da amfani.

Bayan haka, kowane babban kaya ya samu shafinsa na kansa. Shafin dankali ya kamata ya amsa tambayoyin da ake yi miki a waya kullum: daga wane yanki yake fitowa, mene ne bambancin na damina da na noman rani wajen ajiya da farashi, buhu nawa ne mafi ƙarancin oda, wace rana mota take tashi ta bi ta Akwanga da Keffi, kuma wa yake ɗaukar asarar abin da ya lalace a hanya. Wannan ilmi ne da ke hannunki, babu mai kwafo rubutu daga wani wuri da zai iya kawo irinsa. Kan shafin ya zama a sarari, misali "Dankalin Turawa na Jos a farashin sari, ana kaiwa Abuja", kada ya yi tsawon da Google za ta datse shi.

Akwai kuma batun harshe, wanda masu gina shafuka sukan tsallake. Da yawa daga cikin jami'an sayayya na otal-otal a Abuja da Turanci suke bincike, masu gidajen abinci da 'yan kasuwa kuma da yawansu da Hausa. Shawarata ita ce a yi shafi guda na Hausa da takwaransa na Turanci, kowanne da adireshinsa, maimakon a cakuɗa harsunan biyu a sakin layi ɗaya, sannan mai ginin ya haɗa su da alamar hreflang, wadda take gaya wa Google harshen kowane shafi. Ki yi rajistar shafin a Search Console na Google, kyauta ne, a nan za ki ga ko Google ta ma shigar da shafukanki cikin kundinta, ki kuma ga ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su gan ki.

Shi kuwa mai alkawarin matsayi na ɗaya, ki riƙe kuɗinki. Tun 2009 Google ta sanar cewa ba ta duba gurbin ɓoye na kalmomin bincike wajen jera shafuka, maimaita kalma ba gaira ba dalili kuma yana cikin abubuwan da take ɗauka a matsayin maguɗi. A jagoranta ta faɗa ƙarara cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma sakamakon gyara yakan ɗauki watanni 4 zuwa shekara guda.

Mai Ɗaukar Hoto, Terminus:

Ƙari kaɗan, Hajiya. Ki buɗe Google Business Profile, domin shi yake fito da sana'a a taswira idan an nemi kaya a wani gari, kuma ki roƙi abokan cinikinki na gaskiya su rubuta ra'ayinsu a can. Hotunan kayanki na ainihi, da aka ɗauka da hasken safiya a wurin lodi, sun fi waɗanda ake samowa a intanet gamsar da mai saye. Sai dai ki kashe alamar wuri a kyamarar wayarki idan a gida kike ɗauka, saboda hoton yana iya ɗauke da bayanin inda gidan yake.

Mai Kayan Gwari, Jos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya ga Malam na Wuse: tsofaffin hotunan da suke kan shafin, in goge su duka in sake ɗorawa da sababbin sunaye ne?

Mai Gina Shafuka, Wuse:

A'a, Hajiya, kada ki goge su gaba ɗaya, domin kowane hoto yana da adireshin da shafukanki suke kira, idan kika goge sai gurabun su zama fanko. A fara ajiye kwafin shafin baki ɗaya, sannan a saka ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin matse hoto na WordPress, irin su ShortPixel ko Smush, ta bi tsofaffin ta rage musu nauyi ba tare da canza sunayensu ba. Rubutun Alt Text kina iya cika shi a kowane lokaci. Waɗanda suka cancanci a sake ɗora su da hannu su ne babban hoton shafin farko da hotunan dankali da kabeji, tunda su za su shiga sababbin shafukan da Edita ya ba da shawara. Ki auna shafin a PageSpeed Insights kafin a taɓa komai, ki ajiye sakamakon, sannan ki sake aunawa bayan an gama.